Abin da Mista Odell Ya Gani a Kaset

"Mayar da shi baya," in ji Mista Odell.

Na danna rimot, 'yan wasan da ke cikin talabijin suka ruga da baya-baya kamar an fizge su da igiya. Na sake su. Ɗana Delmar ya karɓi ƙwallo, ya ja da baya, ya ɗaga hannu ya wurga ta can nesa, wani dogon yaro ya cafe ta yana gudu. Filin ya kaure da ihu.

"Sake mayarwa."

"Haba Mista Odell, kifinka zai huce. Wannan jifan ai ya yi kyau, me kuma ya rage?"

"Ke ƙwallo kike kallo, Vernita. Ni yaron nake kallo. Mayar."

Na mayar. Yana kwance a gadon asibiti da aka kafa masa a tsakiyar falo, robar iska a hancinsa, injinta yana huci a gefen kujera. Hannunsa ya daina riƙe komai ba tare da rawa ba, shi ya sa rimot ya dawo hannuna. Ni direbar motar 'yan makaranta ce. Idan na sauke yara da safe ina da sarari har lokacin tashi, to a wannan tsakanin nake tsallaka ɗan shingen da ya raba gidajenmu in kawo masa abinci. A ranar, soyayyiyar tarwaɗa na kawo da burodin masara, ko kallonsu bai yi ba.

"Tsaya nan," ya ce. "Dubi hagunsa. Kin ga ƙaton nan mai jar riga da ya kutso?"

"Na gan shi."

"To shi bai gan shi ba. Sai da numfashin mutumin ya taɓa wuyansa sannan ya san da shi. Sa'a ya ci, ya riga ya saki ƙwallon." Ya tsaya ya ja iska. "Yaron da na sani, ko ƙuda ne ya taso masa ta hagu sai ya goce."

Mista Odell Varnado ya fi shekara talatin yana yi wa wata babbar ƙungiyar ƙwararru aikin duba 'yan wasa. Yakan bi jami'o'i da tsohuwar motarsa, ya zauna a bakin filin atisaye ya yi ta kallon yara, ya tambayi kocinsu, ya tambayi mai wanke musu riguna, sannan ya koma ya ce wa ƙungiyarsa wannan a ɗauka, wannan a bari. A ƙwallonmu ta Amurka, wadda ake jifa da hannu ana karo da ƙirji, nauyin wasa duka yana wuyan mutum ɗaya ne, kwatabak, mai jifa, wanda zai karanci abokan hamayya ya yanke shawara kafin ƙarti su danne shi. A kan gane irin waɗannan yaran Mista Odell ya yi suna.

Shi ya koya wa Delmar komai. Uban yaron ya rasu a hatsarin mota tun yana firamare, lokacin kuma matar Mista Odell ba ta daɗe da rasuwa ba. Sai tsohon ya rataye tsohuwar taya a bishiyar bayan gidansa, ya miƙa wa yaron ƙwallo ya ce ya zura ta ciki. Tun Delmar yana kuka har ya daina. Ina wanke-wanke ina jiyo su ta taga, tsohon yana cewa, "Ƙafa, yaro, ƙafa! Ba da hannu ake jifa ba!"

Yanzu ga shi ya gama wasansa na jami'a, sunansa yana cikin jaridu. A ƙarshen watan Afrilu ƙungiyoyin ƙwararru za su zauna suna zaɓar yaran da suka gama, ɗaya bayan ɗaya, ana nunawa a talabijin. Wanda aka kira sunansa ya warke, shi da danginsa. Garinmu Belzer bai taɓa samun ko ɗaya ba. Hoton Delmar yana manne a shagon aski, yana kantin magani, yana gidan mai.

"Wasan watan Oktoba," in ji Mista Odell, "da aka maka kansa da ƙasa. Daga nan ne abin ya soma, na bi kaset ɗin ɗaya-ɗaya. Da ya zo hutun Kirsimeti, yaya kika gan shi?"

"Lafiya lau."

"Vernita."

Na juya ina gyara murfin kwano. Na tuna baƙin gilashin da ya yi ta sawa a cikin gida. Na tuna yadda ya sassauke labule da rana tsaka, da yadda ya yi ta bugun ƙofar kicin da kafaɗarsa ta hagu, ƙofar da ya girma yana bi. Na tuna na ji shi yana amai a banɗaki ya buɗe famfo don kada in ji. Ya ce min abincin hanya ne ya ɓata masa ciki, ni kuma na karɓa da hannu biyu.

"Ya ce an duba shi an sallame shi," na ce.

"An tambaye shi yana jin jiri, ya ce a'a. Duk haka suke cewa." Tari ya sarƙe shi, na ɗago masa kai na ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Akwai wani Halvorsen, ni na koya masa aiki. Yanzu shi ne babban mai duba 'yan wasa a wata ƙungiya can arewa. Suna son Delmar. Ya aiko saƙo zai kira ni ranar Litinin, don ya san a gabana yaron ya tashi."

"To sai ka faɗi alheri."

"Zan faɗi alheri. Akwai shi da yawa." Ya lumshe ido. "Kira min shi ya zo gida."

Ranar Asabar da hantsi Delmar ya iso, cikin wata baƙar mota mai ƙyalli da wakilinsa, mai nema masa ƙungiya, ya ba shi aro. Yaran layi suka yanyame ta. Ko jakarsa bai ajiye ba ya tsallaka shinge, na biyo shi. Ya cika ƙofar falon da faɗin kafaɗunsa.

"Tsoho, ba ka gaji da kwanciyar nan ba? Tashi mu je baya ka kama min ƙwallo."

"In kama wa? Kai da har yanzu ƙafarka ta baya ke ja kamar ta gurguwar akuya?"

"Wannan ƙafar ce za ta saya maka sabon huhu."

"Saya wa mamanka sabon rufi tukuna, ɗigar ruwan gidanku har nan nake jiyowa."

Suka yi dariya, ta tsohon ta ƙare da tari. Delmar ya durƙusa ya riƙe hannunsa, na ga fuskarsa ta canja da ya ji yadda hannun ya koma ƙashi. Tun Kirsimeti rabonsa da shi.

"Jawo kujera ka zauna a gabana," in ji Mista Odell. "Cire gilashin nan. Yawwa. Kalli hancina, kada ka ɗauke ido. Vernita, ɗauki wani abu a tebur ki tsaya a hagunsa."

Na ɗauki cokali. Na tsaya inda ya nuna, ba nisa, inda ko yaron goye zai gan ni ta wutsiyar ido.

"Mene ne a hannun mamanka?"

Injin iska yana huci. Na ga jijiyar wuyan Delmar ta tashi. Ya juyo da kansa gaba ɗaya.

"Cokali."

"Ban ce ka juya ba."

Delmar ya miƙe har kujerar ta faɗi. "Yana warkewa. Kullum raguwa yake yi. A gwajin ƙungiyoyin an auna ni kamar sa a kasuwa, Mista Odell, an ɗauki hoton kowace gaɓa tawa, ba wanda ya ce komai."

"Ni ba likita ba ne, ɗana. Wataƙila ba wani abu ba ne. Shi ya sa nake so likita ya ji gaskiya daga bakinka, ba amsar da ka haddace ba. Waɗanda za ka tarar a can ba 'yan makaranta ba ne. Kafin kakar wasa ta yi nisa sun gane ba ka gani ta hagu, ta nan za su riƙa zuwa maka, kowane mako."

"Kowa yana wasa da ciwo."

"Da gwiwa, da kafaɗa, da haƙarƙari. Ni ma zan rufe maka baki a kan waɗannan. Kai daban ne. Na je jana'izar yaran da na zaɓa da hannuna, wasu ko furfura ba su fara ba."

"Dubi matar nan," in ji Delmar, ya nuna ni ba tare da ya kalle ni ba. "Tun ina yaro take tashi da asuba tana jan wannan akwalar motar, bayanta ya gama lalacewa. Saura mako kaɗan in ce mata ta ajiye makulli. Yanzu ne za ka zo min da cokali?"

"Ka kira su da kanka kafin Litinin. Idan daga bakinka ta fito, za su ce yaro mai gaskiya, bari mu jira shi baɗi. Idan daga nawa ta fito, za su ce ka ɓoye."

"Idan na ƙi fa?"

"Idan Halvorsen ya tambaye ni, zan faɗa."

Delmar ya tsaya yana kallonsa. Muryarsa ta yi ƙasa, wanda ya fi ihun ciwo. "Kai ka gama naka. Kwana nawa ya rage maka? Sai ka tafi da ni ramin?"

"Delmar!" na daka masa tsawa.

"Ƙyale shi," in ji tsohon. "Tambaya ce ya yi."

Ƙofar raga ta bugu. Kafin in tsallaka shinge ya tayar da mota. Wake da shinkafar da na dafa masa haka suka kwana a tukunya.

Ranar Litinin na yi niyyar ba zan je ba. Na sauke yara, na dawo na zauna a kicin da rigar aikina. Amma nas ɗin da ke zuwa masa da safe na ga ta fita, na kuma san ba wanda zai ba shi ko ruwa sai la'asar. Na zuba romon kaza a kwano na tsallaka.

Na tarar an yi masa aski an sa masa riga mai maɓalli, kamar mai jiran baƙo. Wayar tana kan ƙirjinsa.

"Mista Odell, don girman Allah," na ce. "Ka ce ba ka da lafiya, ba za ka iya magana ba. Ai ba ƙarya ka yi ba."

"Zai gane. Mutumin nan ya san ni. Idan na yi shiru a kan yaron da na raina, shirun ya fi magana muni." Ya dube ni. "Kina so in ce masa lafiyarsa ƙalau?"

Sai wayar ta yi ƙara. Ya kai hannu, ta suɓuce ta faɗa cikin bargo.

"Riƙe min, 'yata."

Na ɗauka na buɗe murya, na kara masa ita kusa da baki. Aka gaisa. Halvorsen yana da murya mai sauri irin ta mutanen arewa, yana ce masa koci, yana tambayar jiki. Sannan ya ce, "To, ba ni labarin yaronka."

Ban taɓa jin wani ya yi maganar ɗana kamar yadda tsohon nan ya yi a ranar ba. Yana yi yana hutawa. Ya ce hannu irin nasa bai ga uku ba a duk yawonsa, ƙwallonsa tana yanka iska ko ana guguwa. Ya ce yaron yana karanta tsayuwar abokan hamayya tun kafin a fara, ya canja dabara a take, kuma ya yi daidai. Ya ce idan abokin wasansa ya yi kuskure, shi ke fita gaban 'yan jarida ya ce laifinsa ne. Ya faɗi aibunsa ma: yana daɗewa da ƙwallo a hannu saboda ya yarda da ƙarfinsa fiye da kima, idan ya gaji kuma jifansa yana tashi sama. "Waɗannan duk koci zai gyara a shekara ɗaya," ya ce. "Zuciya ce ba a koyarwa, shi kuwa da ita aka haife shi."

"To in ɗauke shi ke nan," in ji Halvorsen, yana dariya.

Babban yatsana yana daf da jan maɓallin kashewa. Mista Odell ya ga yatsan. Ya ɗago ido ya dube ni, bai roƙe ni ba, bai hana ni ba. Ya jira. A raina ba rufin gidana na gani ba, ba makullin mota ba. Kafaɗar nan na gani tana bugun ƙofar kicin. Hannuna ya yi nauyi, ya tsaya inda yake.

"Ba bana ba," in ji Mista Odell. "Koma ka kalli wasanninsa daga Oktoba, ka dubi hagunsa. Kada ka sa shi a fili sai likitan kai ya zauna da shi sosai."

Halvorsen ya ce, "Koci, ka san ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba."

"Na sani."

Da aka kashe, na ajiye wayar a tebur. Na ɗauki kwanon romo na fara ba shi a baki, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Ya sha cokali biyu ya kawar da kai. Na zauna a gefensa har lokacin ɗaukar yara ya yi.

Irin wannan magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Kafin ƙarshen mako ta zaga ƙungiyoyi, wakilin Delmar ya ji, Delmar ya kira ni.

"Mama, kina wurin?"

"Ni na riƙe masa wayar."

Na ji numfashinsa na ɗan lokaci, sannan layin ya mutu.

Daga nan maganar ta shigo gari. A shagon aski aka ce hassada ce, tsoho ya ga yaro zai fi shi suna. A coci aka ce magungunan da ake ɗura masa ne suka juya masa kai. Wani dikon, dattijon coci, ya tare ni a bakin ƙofa bayan sujada ya ce, "Sista Vernita, har yanzu ke ce ke ciyar da mutumin nan? Lallai kina da zuciya." Matan zumunta da ke kai masa abinci ranar Laraba suka fara samun uzuri ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya san ni na riƙe wayar sai ɗana, shi kuma bai faɗa ba.

"Gara haka," in ji Mista Odell da na gaya masa ba za su zo ba. "Na huta da miyar Sista Eulalie. Wannan miyar ta fi cutar saurin kisa."

Amma duk motar da ta rage gudu a layi sai ya juya kai wajen taga.

'Yarsa Marlene ta ɗauki hutu daga aikinta a Houston ta zo ta tare. Jikin ya ci gaba da zubewa. Ya daina cin komai sai ƙanƙarar da ake ɗiga masa a leɓe. Barci ya yi yawa, magana ta ragu.

Zauren coci an riga an kama shi tun watan Fabrairu don kallon zaɓen, wanda ake yi zagaye-zagaye har kwana uku, ba wanda ya iya cewa a fasa. Delmar ya dawo gida ana gobe za a fara. Ya gaishe ni kamar baƙuwa, ya shige ɗakinsa. Ranar farko ba a kira shi ba, aka ce da ma ba a sa rai ba. Rana ta biyu ma haka, aka ce gobe ne. Ranar Asabar, ta ƙarshe, tun da rana zauren ya cika. An hura balan-balan, an gasa haƙarƙari a waje, an yi kek mai siffar ƙwallo da sunansa a kai. Delmar yana zaune a gaba cikin sabuwar kwat, waya a kan gwiwarsa. Sunaye suna ta wucewa a ƙasan talabijin. Aka kira wani kwatabak da Delmar ya lallasa a watan Satumba, wani ya yi tsaki mai ƙarfi a baya. Can sai na lura mutane sun fara zamewa, kowa da ɗan uzurinsa, wannan zai duba yara, wancan ya bar wuta a kunne.

Ban iya zama ba. Na fita ta ƙofar kicin na taka zuwa layinmu. Gari shiru, rana tana dukan kwalta.

Talabijin ɗin falon a kashe yake. Marlene ta ce min a hankali, "Shi ya ce a kashe. Tunda nake ban taɓa ganin ranar zaɓe ta wuce bai kalla ba." Ta fita baranda ta ba mu wuri.

Na zauna a gefen gadon. Na ɗauka barci yake, sai na ji ya ce, "An kira?"

"Ba a kira ba."

"Ina aka kai?"

"Zagayen ƙarshe."

Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne, na sa gefen zanen gado na share.

"Na so a samu wani mai taurin kai," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya, "wanda zai ƙi jin maganata. Ina kwance ina roƙon kada a kira shi, ina kuma kasa kunne in ji ihu daga coci. Kin ga tsufa."

"Huta, Mista Odell."

"Ki gaya masa..." Ya tsaya, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. "A'a. Kada ki gaya masa komai. Ya ji abin da ya ishe shi daga bakina."

Ihun bai zo ba. Da yamma na ga Delmar ya shigo layi a ƙafa, kwat ɗin a kafaɗa. Ya zo daidai ƙofar Mista Odell ya rage tafiya. Marlene tana baranda, ta ce, "Delmar, yana farke." Ya tsaya kamar zai juyo. Sannan ya sunkuyar da kai ya wuce gida.

Ranar Talata da safe Mista Odell ya rasu, ina kan hanya da yaran mutane suna ta tsalle a bayan mota. Da na dawo na tarar da doguwar motar masu ɗaukar gawa a ƙofar gidan. Marlene ta ce ya nemi ta ɗaga masa taga, ta ɗaga, ta shiga kicin ɗebo ƙanƙara, kafin ta fito ya tafi. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne injin iskar, da ya ci gaba da huci shi kaɗai har sai da nas ta zo ta kashe.

Na shiga ɗakin Delmar na gaya masa. Yana kwance, labule a sauke, hannu a kan ido. Ya ce, "Na ji motar." Ya juya wajen bango.

Jana'izar ba ta cika ba. Mutanen gari kaɗan ne suka zo, suka zauna a baya. Amma wasu ƙarti masu furfura sun iso daga jihohi masu nisa, kusan kowannensu yana ɗingishi, wuyansu ya fi ƙarfin kwalar rigarsu. Yaran da ya zaɓa ne a zamaninsa. Su suka ɗauki akwatin. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannuna a maƙabarta ya ce, "Ke ce maman kwatabak ɗin? Duk lokacin da na kira shi, maganar yaron nan yake min har katina ya ƙare." Delmar bai je ba.

Bayan mako biyu wakilinsa ya aiko aka tafi da baƙar motar. Wata ƙungiya ta ce za ta gwada shi idan likita ya sa hannu, sai Delmar ya ce in raka shi birnin Jackson wajen likitan kai. A motata muka je, ni na tuƙa. Wannan karon ya faɗa wa likitan komai, ina zaune ina jin abubuwan da ban ma sani ba. Likitan ya ce babu ƙwallo bana. Ya ce wataƙila ganin ya dawo idan an huta, wataƙila ya tsaya haka, ba zai yi mana alkawari ba. A hanyar dawowa ba mu yi magana ba sai da muka tsaya shan mai, Delmar ya ce, "Mama, kina son ruwa?" Ita ce magana mai taushi ta farko da ya yi min tun ranar wayar.

Marlene ta kwashe abin da za ta kwashe, ta kulle gidan ta koma Houston, aka kafa allon sayarwa a bakin hanya. Ruwan watan Mayu ya sauka, ciyawar ƙofar gidan ta tashi har ta kai ƙwauri, ta fara rufe matakalar baranda.

Wata Asabar da safe ina shanya sai na ji ƙarar injin yankan ciyawa. Na leƙa ta kan shinge. Delmar ne, da tsohon wandonsa na atisaye, yana tura injinmu a farfajiyar Mista Odell. Yana tafiya a hankali, ya kai ƙarshe ya juyo, layi bayan layi, a miƙe. Na ci gaba da shanyata.

Can sai ƙarar ta ɗauke. Na jira ya sake tayarwa, bai tayar ba. Na sake leƙawa. Injin yana tsaye a tsakiyar fili, rabin ciyawar a kwance, rabin tana kaɗawa. Delmar yana zaune a matakalar baranda, ya jingina bayansa da kullalliyar ƙofar, gwiwoyinsa duk ɗanyen ganye. Wasu tsuntsaye suka sauko inda aka yanke suna tsattsaga, har kusa da ƙafarsa.